Sawun Hausawa a Bakin Tekun Bahiya

Duk wanda ya duba littattafan jagorar matafiya game da Salvador, babban birnin jihar Bahiya da ke arewa maso gabashin Birazil, zai tarar da jerin wurare kusan iri ɗaya. Za a ce masa ya fara da tsohuwar unguwar Pelourinho mai gidaje masu launi-launi, ya hau lif ɗin Lacerda ya hango teku daga kan tudu, ya sayi tsaraba a kasuwar Mercado Modelo, ya kalli faɗuwar rana daga hasumiyar fitila ta Barra, ya ɗaura ƙyalle a shingen cocin Bonfim, sannan ya ƙarasa hutunsa a kan rairayin Itapuã, ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Birnin yana da mutane kusan miliyan 2.4, kuma wajen kashi 80 cikin ɗari nasu jinin Afirka ne, ko tsantsa ko gauraye. Da wannan ake tallata shi ga baƙi, a matsayin Afirkar da ke hayin Tekun Atlantika.

Abin da jagororin ba su cika faɗa ba shi ne, a farkon ƙarni na 19 babu sunan da ya fi tayar wa masu mulkin wannan birni hankali irin na Hausawa. Wurare da dama da baƙo yake zuwa ɗaukar hoto a yau, a cikinsu ne mutanen Kano da Katsina da Zazzau suka yi dako, suka buɗe makarantun allo a ɓoye, suka ƙulla tawaye, aka kuma kashe su.

Birni mai hawa biyu

Turawan Fotugal sun kafa Salvador a 1549 ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa, ta kuma zauna hedikwatar mulkin Birazil har zuwa 1763, lokacin da aka mayar da fadar gwamnati Rio de Janeiro. Sun zaɓi wurin ne saboda wani makeken lungun teku da jiragen ruwa ke samun mafaka a cikinsa, da kuma dogon tudun da ya tsaya a kansa kamar ganuwa. Daga nan birnin ya kasu gida biyu. A ƙasa, bakin ruwa, akwai tashar jirage da rumbunan kaya da gidan kwastan. A sama, kan tudu, akwai fadar gwamna da majami'u da gidajen masu hannu da shuni.

Dukiyar birnin daga bayan gari take zuwa, daga yankin da ake kira Recôncavo, wanda ya kewaye lungun tekun da gonakin rake da na taba. Rake ya ci rayukan bayi, taba kuma ta sayo wasu. Tabar da ba ta kai darajar a kai ta Lisbon ba, ita ake shafewa da maɗin rake a naɗe, a kai ta gaɓar Afirka ta Yamma, inda fatake suka fi son ta. Saboda haka jiragen Bahiya suka riƙa tafiya kai tsaye zuwa Wida da Porto-Novo da Badagiri da Legas. Bafaranshen nan mai ɗaukar hoto da binciken tarihi, Pierre Verger, wanda ya zauna a Salvador daga 1946 har rasuwarsa a 1996, ya bi diddigin wannan zirga-zirga cikin takardun ƙasashen biyu. A dunƙule, Birazil ta karɓi bayi 'yan Afirka kusan miliyan 5, fiye da kowace ƙasa a nahiyar Amurka, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayun 1888.

Lif ɗin Lacerda, mai tsawon mita 72, wanda aka buɗe a 1873 aka kuma sake masa fasali a 1930, yana haɗa hawa biyun nan cikin kusan daƙiƙa 30. Kafin a gina shi, wuyan mutane da kafaɗunsu ne ke wannan aiki. Bayin cikin gari da 'yantattu su ke hawa da buhunan sukari da gangunan kaya, har da su kansu iyayen gijin a cikin kujerun da ake ɗauka a kafaɗa. Yawancinsu suna aiki ne bisa wani tsari da Bahaushe zai gane nan take, domin ya yi kama da murgu: bawa ya fita nema, ya kawo wa ubangidansa wani adadi da aka yanka masa, abin da ya saura nasa ne, in ya tara ya fanshi kansa. Masu dakon sukan taru a mahaɗar tituna, kowace ƙabila da dandalinta da shugabanta. Wannan sakewa ta yawo cikin gari ita ta ba su damar saduwa da isar da saƙo, kuma a kanta aka gina duk tawayen da ya biyo baya.

Shi kansa sunan Pelourinho yana da nauyi. Kalmar tana nufin turken dutsen da ake ɗaure mai laifi a yi masa bulala a bainar jama'a. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Daga 1992 gwamnatin jihar ta shiga gyara unguwar domin baƙi, ta biya talakawan da ke zaune a gidajen 'yan kuɗi kaɗan ta tashe su, aka mayar da ɗakunansu shaguna da wuraren cin abinci. A nan Michael Jackson ya ɗauki wani ɓangare na bidiyon waƙarsa tare da makaɗan Olodum a 1996, kuma har yau ana nuna wa baƙi barandar da ya tsaya.

Yadda Bahaushe ya isa Bahiya

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, mafi yawan bayin Bahiya daga Angola da ƙasar Dahome aka kawo su. Lissafin ya canja bayan 1804, da ɓarkewar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya a Gobir da Kabi da Zamfara da Katsina da Kano da Zazzau, da kan iyakar Borno, sun samar da fursunoni daga kowane ɓangare. Wanda ya yi yaƙi ƙarƙashin tutar Shehu aka kama shi, da wanda ya yi yaƙi a bayan sarakunan Hausa aka kama shi, duka suna iya gangarawa kudu ta Nupe da Oyo, daga hannun wannan falke zuwa na wancan, har su isa bakin ruwa. Malaman Sakkwato sun yi rubutu a kan haramcin bautar da Musulmi ɗa, balle sayar da shi ga Nasara, amma kasuwa ba ta tsaya sauraren fatawa ba.

Muna da shaida daga bakin su kansu mutanen. A ƙarshen shekarun 1840, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya tara wasu Hausawa ya yi musu tambayoyi game da garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su. Abin da ya fi damunsa shi ne tabbatar da wata jita-jita cewa akwai mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka, har ya sanya batun a sunan littafin da ya buga a Faris a 1851. Duk da wannan shirme, littafin ya adana sunayen garuruwa da zangunan fatake da kwanakin tafiya, kuma ya nuna da yawa daga cikin mutanen a fagen daga aka kama su. Wato jiragen taba sun riƙa sauke wa Bahiya samari majiya ƙarfi da suka san baka da kibiya, suka san bin umarnin jagora, wasu cikinsu kuma suna karatu da rubutu da haruffan Larabci a ƙasar da wasu iyayen gijinsu ko sunansu ba sa iya rubutawa.

1807 zuwa 1816: shekarun Hausawa

A watan Mayun 1807 gwamnan Bahiya, wanda ake kira Conde da Ponte, ya samu labarin wata maƙarƙashiya da Hausawa suka shirya ta zo daidai da wani bikin cocin Katolika, lokacin da hankalin gari zai tafi ga jerin gwano. Rahoton hukuma ya ce sun naɗa wakili a kowace unguwa, an kuma samu kibau da bakuna a gidan da suke taruwa, kuma daga cikin shirinsu akwai ƙwace jiragen ruwa a tasha. An kama shugabannin kafin ranar ta zo. A watan Janairun 1809 wasu ɗaruruwan bayi da suka gudu, akasarinsu Hausawa, suka far wa yankin Nazaré a Recôncavo, sojoji suka murƙushe su.

Mafi girma a wannan zango ya faru ne a inda yau ake shimfiɗa tawul a sha iska. Itapuã a lokacin ƙauyen masunta ne, kuma a gaɓarsa akwai sansanonin farautar ƙattin dabbobin tekun nan masu siffar kifi, waɗanda ake narka kitsensu a samu man fitila. Da asubahin 28 ga Fabrairun 1814, bayi fiye da 200 suka ƙona sansanonin, suka kashe masu tsaronsu, suka nufi yankin gonakin rake domin su tayar da 'yan uwansu. An tare su a bakin kogin Joanes, aka kashe da dama. Takardun shari'ar sun ambaci jagoransu da sunan João, tare da laƙabin "malomi". Duk mai jin Hausa ya san malami ne magatakardan Fotugal ya ji ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi. Bayan shekara biyu, a Fabrairun 1816, wata wutar ta sake tashi a gonakin Santo Amaro da São Francisco do Conde.

Masu mulki sun rabu kan yadda za a yi da lamarin. Conde da Ponte ya ɗauki hanyar takurawa: dokar hana fita da dare, hana taro, rusa maɓoyar gudaddun bayi. Wanda ya zo daga baya, Conde dos Arcos, yana ganin a bar kowace ƙabila ta yi kiɗanta da rawarta ranar Lahadi, domin muddin Bahaushe yana tuna shi Bahaushe ne, Bayarabe yana tuna shi Bayarabe ne, tsohuwar gabar da suka taho da ita daga gida za ta hana su haɗa kai. Masu gonaki sun ƙi jinin wannan dabara, suka yi ta kai ƙararsa. Amma gwamnan ya fahimci abin da su ba su gani ba, cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daren 25 ga Ramadan

Tawayen da ya fi shahara shi ne na daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairun 1835, wanda ya zo cikin goman ƙarshe na Ramadan na 1250 bayan Hijira. Ana kiransa tawayen Malê, daga kalmar Yarabanci "imale", wato Musulmi. Masanin tarihin nan ɗan Bahiya, João José Reis, ya ƙiyasta mutanen birnin a lokacin sun kai 65,500, kuma kusan kashi 42 cikin ɗari bayi ne. An zaɓi ranar Lahadin da ake wani biki a cocin Bonfim, can nesa da tsakiyar gari, inda jama'a da jami'an tsaro za su tattara.

Asiri ya tonu sa'o'i kaɗan kafin lokaci, ta bakin wata 'yantacciyar baiwa da ta kai labari ga hukuma. 'Yan sanda suka dira a wani gida a gangaren Ladeira da Praça, 'yan taku kaɗan daga inda bakin lif ɗin Lacerda na sama yake yanzu. Mutum wajen 60 da ke ciki suka fito da takubba, sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Sun fara da kurkukun da ke ƙarƙashin ginin majalisar birni, domin su kuɓutar da wani dattijon malami, Pacífico Licutan, wanda aka tsare ba don ya yi laifi ba, an kama shi ne a matsayin kadara saboda bashin da ake bin ubangidansa. Ƙofar ta gagara. Suka bazu cikin tituna suna kiran 'yan uwa, har adadinsu ya kai kimanin 600. Kafin gari ya waye, sojojin doki suka tare su a Água de Meninos, kusa da inda babbar kasuwar São Joaquim take a yau. Kusan 70 daga cikinsu suka mutu. Aka yanke wa Licutan bulala 1,000. Ranar 14 ga Mayu aka harbe mutum huɗu a filin Campo da Pólvora, saboda an rasa wanda zai yarda ya rataye su.

A wannan karon Yarabawa ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, domin rugujewar daular Oyo ta cika jiragen shekarun 1820 da su. Hausawa sun kasance 'yan tsiraru, ko da yake cikin malaman da aka tuhuma akwai wani 'yantaccen Bahaushe mai sayar da taba, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará, da wani Banufe, Luís Sanim. Da hukuma ta rasa mai karanta takardun Larabcin da aka samu a jikin gawarwaki da cikin gidaje, wani bawa Bahaushe mai suna Albino aka kirawo ya fassara. Yawancin abin da ke cikinsu ayoyin Alƙur'ani ne da addu'o'in neman tsari, tare da rubutun ɗalibai masu koyon haɗa baƙi. An kuma ƙwace alluna da tawada da tasbaha.

Masana sun daɗe suna jayayya kan ma'anar abin da ya faru. Likitan nan Nina Rodrigues, a ƙarshen ƙarni na 19, ya ɗauke shi ci gaban jihadin ƙasar Hausa ne a wata nahiya, kuma Paul Lovejoy ya ƙarfafa alaƙar da yaƙe-yaƙen Sakkwato da Ilori. Reis kuwa yana ganin Musulunci ya ba da shugabanci da tsari, amma zumuncin ƙabila da zafin bauta su suka tara jama'a, shi ya sa Yarabawan da ba Musulmi ba suka shiga, Hausawa Musulmi da yawa kuma suka tsaya gefe. Wannan ƙarancin Hausawa a 1835 hujja ce mai ƙarfi a hannun Reis. Da addini kaɗai ne ya kira, da waɗanda suka fi daɗewa a cikinsa ba za su zama 'yan kallo ba.

Dalilin da sawun ya dushe

Baƙon da ya je Salvador yau zai ga Yarabawa ko'ina: a addinin Candomblé da gidajen bautarsa, a sunayen gumakan da aka kafa siffofinsu a tafkin Tororó, a bikin wanke matakalar cocin Bonfim duk watan Janairu. Hausawa kuwa sai an tona. Dalilai sun haɗu suka jawo haka. Waɗanda aka kawo daga ƙasar Hausa kusan duk maza ne, domin mata da yara kasuwannin cikin gida da na hamada ke riƙe su, saboda haka ba a samu gidajen da uwa da uba ke magana da harshe ɗaya ba. Bayan 1835, mallakar takarda mai rubutun Larabci kaɗai ta isa a kama mutum, aka kuma kori ɗaruruwan 'yantattu zuwa Afirka. Dokar 1850 ta tsayar da shigo da bayi, sai mashigar sababbin masu harshen ta toshe. Candomblé ya rayu ne a gidajen da mata ke shugabanta, masu karɓar duk wanda ya zo, suna kuma iya fakewa a bayan waliyyan Katolika. Musulunci, da sallarsa da azuminsa da karatunsa, ya fi wuyar ɓoyewa. Wani limami ɗan Bagadaza, Abdurrahman al-Bagdadi, da ya zauna a Birazil a shekarun 1860, ya tarar da Musulmin Bahiya suna ibada a asirce, 'ya'yansu kuma suna komawa coci. Lokacin da Nina Rodrigues yake bincikensa, 'yan tsofaffi ne kawai suka rage.

Duk da haka ba a share komai da komai ba. A gidajen abinci na Bahiya har gobe ana sayar da arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa: shinkafa mai laushi da busasshen nama da aka soya da albasa. Acarajé ɗin da mata masu fararen kaya ke soyawa da manja a bakin titi ɗan uwan ƙosai ne, ko da yake sunansa daga Yarabanci ya zo. Kalmar abadá, sunan farar rigar da mayaƙan 1835 suka sa, ita ake kiran rigar da ake saya da tsada a shiga ayarin bikin kanibal. A Itapuã kuma, inda aka ƙona sansanonin 1814, aka kafa ƙungiyar kiɗa da rawa ta Malê Debalê a 1979 domin tunawa da waɗanda suka yi tawayen.

Ragowar sawun yana wannan gefen teku. Waɗanda aka kora da waɗanda suka biya kuɗin jirgi da kansu sun sauka a Legas da Wida da Porto-Novo, inda aka san su da Aguda, da kuma Akra, inda ake kiransu Tabom. Masallacin Shitta-Bey na Legas, wanda aka buɗe a 1894, magini ɗan wannan zuriya ne ya tsara shi, babban masallacin Porto-Novo kuma fuskarsa ta cocin Bahiya ce. Mu ma ba mu riƙe amanar da kyau ba: a 2016 aka rushe Ilojo Bar, ɗaya daga cikin fitattun gine-ginensu a tsibirin Legas, duk da yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa.

In hanya ta kai ka

Campo da Pólvora yanzu tashar jirgin ƙasa ce ta cikin gari, 'yar tafiya kaɗan daga filin wasa na Fonte Nova, inda tawagar Najeriya ta doke Denmark da ci 2 da nema a gasar Olimfik ta 2016, Mikel Obi da Aminu Umar suka ci ƙwallayen. A kusa da nan ne, a 2025, masu binciken tono suka tabbatar da ƙasusuwan mutane a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci, a harabar tsohuwar maƙabartar da ake zuba gawarwakin bayi da matalauta, inda aka binne waɗanda aka kashe a 1835. Sama da shekara 150 birni ya yi yana wucewa ta kansu.

Wanda Allah ya kai shi Salvador, ya ga majami'un da hasumiyar Barra, don sun cancanci gani. Amma ya ƙara da gangaren Ladeira da Praça da Água de Meninos da Campo da Pólvora, in ya isa Itapuã kuma ya tuna da malamin da aka rubuta sunansa João. Akwai kuma aikin da ya fi ziyara. Takardun da aka ƙwace a 1835 suna nan a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahiya, an rubuta su da irin hannun da almajiri ke koya a kan allo a Kano ko Damagaram. Yawancin waɗanda suka yi nazarinsu a jami'a suka koyi Larabci. Gardin da ya tashi a tsangaya zai iya gane wace aya ake rubutawa don wace buƙata, wane kuskure ne na mai koyo, wane kuma harshen uwa ne ya kutso cikin rubutun. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da irin waɗannan mutane, kuma tura biyu ko uku daga cikinsu Bahiya bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikin jami'o'in ba.